Ina Zangon Da Tsoho Zai Sauka?

Hausawa na cewa zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Amma duk wanda ya dubi yadda yawancin ma'aikatanmu ke ƙarasa rayuwarsu bayan sun ajiye aiki, zai yi zaton ba a bakinmu wannan karin magana ya fito ba. Mutum ya shekara talatin da biyar yana aikin gwamnati, ko ya cika sittin da haihuwa, a miƙa masa takardar ritaya, daga ranar nan duniyarsa ta tsuke. Daga ɗaki sai dakalin ƙofar gida, daga dakali sai masallaci. Idan ka ga ya shiga mota, to, ko an yi rasuwa a dangi, ko an kira 'yan fansho tantancewa. Da yawa daga cikin abokan aikina sun koyar da yara sunayen garuruwa da koguna da duwatsun ƙasar nan shekara da shekaru, har suka koma ga Mahaliccinsu ba su taɓa ganin ko ɗaya da idonsu ba.

Ni tsohon malamin makaranta ne, mutumin Tafashiya ta ƙaramar hukumar Kankiya. Tun da na ajiye alli na ɗaura aniyar in riƙa fita sau ɗaya ko sau biyu a shekara, ni da mai ɗakina, a 'yar tsohuwar motata, mu ga ƙasa mu kuma sada zumunci. Abin da waɗannan tafiye-tafiye suka koya mini shi ne, babbar matsalar dattijo matafiyi a Arewa ita ce makwanci. Ana iya lallaɓa kuɗin mai, ana iya haƙuri da ramukan hanya, amma idan rana ta yi gora, tambayar da ke tsaye a zuciya ɗaya ce: yau a ina za mu kwana?

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Ingila da Amurka da Ostireliya, tafiyar tsufa al'ada ce mai zaman kanta. Mutum ya yi ritaya, sai ya sayi wani ɗan ɗaki mai tayoyi da ake ɗaura wa mota ta ja, ko kuwa motar da aka ƙera cikinta da gado da murhu da makewayi. Shi da iyalinsa su kama hanya wata da watanni. Inda dare ya yi musu akwai filaye na musamman da aka keɓe, masu shinge da mai gadi da ruwan famfo da wutar lantarki da wurin wanka. Ka biya kuɗi kaɗan, a nuna maka gurbinka, ka kwana ɗaya ko ka yi mako. Wanda ba shi da irin wannan mota sai ya kafa tanti.

Abin sha'awa, wanda ake ɗauka a matsayin uban wannan al'ada a Ingila shi ma ɗan fansho ne. Sunansa Dokta William Gordon Stables, likitan sojan ruwa mai ritaya. Ya sa aka ƙera masa ɗaki a kan keken doki, kuma a 1885 ya tashi da shi daga kudancin Ingila har zuwa arewacin Sikotlan. A 1907 aka kafa ƙungiyar masu irin wannan yawo a Birtaniya, tana nan har gobe, da filayenta a ko'ina cikin ƙasar. A Ostireliya kuwa har laƙabi aka yi wa tsofaffin da ke kewaya nahiyar, ana ce musu makiyaya masu furfura, kuma ƙananan garuruwa da dama na ƙasar suna cin abinci da su, domin duk inda suka sauka sai sun sayi mai da burodi da magani.

Kalmar da Turawan Ingila ke kiran wannan ɗaki mai tayoyi da ita, asalinta daga Farisanci take, kuma ma'anarta ta farko ita ce ayari. Filin da suke kwana kuwa, idan za a kira shi da Hausa ta gaskiya, ba shi da wani suna sai zango. Wato abin da muke kallo a talabijin muna jinjinawa, kakanninmu sun san shi tun kafin a ƙera mota.

Zangon da muka gada

Ƙasarmu ta Kankiya da Kusada tana kan tsohuwar hanyar da ta haɗa Katsina da Kano, manyan kasuwanni biyu na ƙasar Hausa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi wannan hanya. Ya bar Katsina a ƙarshen Janairun 1851, ya ratsa ta Kusada, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu. Tafiyar da yau mota ke cinyewa a cikin awa biyu zuwa uku, a wancan zamani ta kwanaki ce, kuma kowane dare yana da wurin saukarsa. Ita kanta Tafashiya ta ga masu wucewa iri-iri, na alheri da na tashin hankali. A nan ne a 1895 rundunar Sarkin Kano Alu ta ci ƙarfin ta Tukur, aka kawo ƙarshen basasar Kano. Garin da ke bakin hanya ba ya rasa labari.

Fatake ba su tafiya kara zube. Ayari yana da madugu, wanda shi ne shugaba, shi ke magana da sarakunan hanya, shi ke daidaita kuɗin fito da na wucewa. Akwai jagaba mai shigewa gaba ya duba hanya, ya kuma shirya wurin sauka. Akwai uban dawaki mai kula da lissafi da tattara abin da za a biya. Ayarin goro da ke zuwa Gwanja, wato yankin Salaga a arewacin Ghana ta yau, kan ɗauki watanni kafin ya isa, da jakuna da alfadarai da takarkarai da 'yan alaro. Agalawa da Tokarawa, waɗanda da yawansu suka zauna a garuruwan da ke tsakanin Kano da Katsina, tare da Kambarin Barebari, su ne suka shahara a wannan fatauci. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga cikin Agalawa ya fito.

Shi zango yawanci a bayan gari yake, kusa da ruwa da inuwa. Ayari ya iso da hantsi ko da azahar, a sauke kaya, a jera su a tsakiya, a yi bukkoki na kara da ciyawa, a kai dabbobi kiwo. Nan da nan matan gari su fito da fura da nono da tuwo da ƙosai, samari su kawo itace da harawa. Akwai sarkin zango mai kula da wurin da sasanta rigima. A manyan garuruwa kuma akwai fatoma, mai masaukin da ke ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan magana ta taso. Zango amfanin kowa ne: matafiyi ya kwana da kwanciyar hankali, mutanen gari su yi ciniki, sarki ya sami kuɗin shiga.

Shaidar girman wannan tsari tana nan a sunayen wurare. Muna da Zangon Daura a jiharmu, akwai Zangon Kataf a Kaduna, akwai unguwar Zango a birnin Kano. Idan ka tsallaka Ghana, unguwannin Hausawa a Kumasi da Accra har yau zongo ake kiransu. Mahajjatan da suka riƙa tafiya Makka a ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan, su ma zango-zango suka bi, kuma da yawansu dattawa ne da suka ga sun sauke nauyin gida. Saboda haka kada wani ya ce doguwar tafiyar tsoho baƙuwar al'ada ce a wurinmu.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya kuma manyan motoci suka karɓe dako, sai ayari ya watse, zango ya koma unguwa ko gona. Turawan mulki sun gina nasu irin masaukin, wato bariki, inda Di'o ke sauka idan ya fito rangadi, aka kuma gaji gidajen baƙi na En'e da na gwamnati. A yau da yawa daga cikin waɗannan gidaje sun zama kufai, ko an mayar da su ofisoshi, ko an raba filayensu.

Inda muka kwana

A 'yan shekarun nan mun je Daura mun sha ruwan rijiyar Kusugu. Mun ga tudun kaburburan Durɓi-ta-Kusheyi a ƙasar Mani. Mun je Zariya da Sakkwato, mun ziyarci Hubbaren Shehu, mun wuce Argungu, garin da aka fara bikin kamun kifinsa a 1934. Mun tsallaka Maraɗi ta Jibiya a lokacin da iyaka take a buɗe. Kayanmu ba su da yawa: tabarma biyu, 'yar katifa, gidan sauro, risho, butar shayi, jarkar ruwa, garin kunu, kilishi da daƙuwa, sai kuma jakar magungunan hawan jini wadda ba ta rabuwa da gefen mai ɗakina.

Makwancin da muka fi samu shi ne gidan dangi da na tsofaffin abokan aiki. Babu abin da ya kai shi daɗi, domin zumunta a ƙafa take. Sai dai yana da nauyi. Ka sauka gidan ɗan fansho irinka, wanda ka san watansa bai kai ƙarshe ba, ka ga ya sa an yanka kazar da yake tattali, ya tashi 'ya'yansa daga ɗakinsu saboda kai. Ba zai taɓa nuna maka a fuska ba, amma kai ka san abin da ka jawo masa. Baƙo raɓa ne. Idan ka kwana biyu, kunya ce za ta ɗaure maka kayanka.

Sai otal. Mai tsafta ya fi ƙarfin aljihun ɗan fansho, kwana uku a cikinsa ya isa ya lashe kuɗin wata. Mai arha kuwa ba wurin da dattijo zai shiga da matarsa ba ne. A wani gari da ba zan ambata ba, mun kama ɗaki a irin wannan wuri saboda dare ya yi mana. Kiɗa bai tsaya ba sai da aka kira assalatu, famfo babu ruwa, ƙofa kuma sai da na tokare ta da kujera. Da gari ya waye mai ɗakina ta dube ni ta ce, “Malam, in dai irin wannan ne yawon, gara mu koma gida mu ci gaba da kallon bango.”

Mun taɓa kwana a cikin mota a wani gidan mai, tsakanin manyan motoci, bayan mun ba maigadi na goro. Direbobin nan sun girmama mu ƙwarai, har ɗaya ya kawo mana shayi da burodi yana cewa, “Baba, ku kwanta, muna nan.” A nan na lura cewa direbobin dogon zango su ne kaɗai suka riƙe wani abu na tsarin fatake. Sun san inda ake tsayawa, sun san mai abinci, sun san mai gadi, ba sa kwana su kaɗai. Amma jikin mai shekara sittin da ɗoriya ba ya jure kwanan kujera, ga kuma rashin makewayi mai sutura ga mace.

Daren da ya fi zauna mini a rai a wani ƙauye muka yi shi, inda mota ta lalace mana da la'asar. Aka kai mu wurin mai gari. Bai tambaye ni takarda ba, sai da aka kawo ruwa muka sha sannan ya tambayi daga ina. Ya sa aka share mini zaure, aka shigar da mai ɗakina cikin gida wurin iyalinsa. Da daddare dattawan garin suka taru muka yi hira a kan noma da tsadar taki da yaran da suka tafi ci-rani ba su dawo ba. Da safe na miƙa masa abin da ya sawwaƙa, ya ture hannuna ya ce, “Haba Malam, baƙonka ai annabinka ne.” Halin karɓar baƙo bai mutu a ƙasar Hausa ba. Tsarin da zai ɗauke wa mai karɓar nauyi ne ya mutu.

Wuri ɗaya da na ga abin da ya yi kama da filayen Turawa shi ne sansanin Wikki da ke dajin Yankari a jihar Bauchi, wanda aka buɗe wa jama'a tun 1962. Akwai ɗakuna iri-iri, akwai masu tsaro, ga ruwan ɗumi mai ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, wanda zafinsa ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina. Na shiga ruwan nan na ji gwiwoyina sun saki kamar ba nawa ba. Na zauna ina tunani: yaran da na koya wa sunan Yankari sun fi dubu, ni kuwa sai da furfura ta rufe ni na zo. Gani ya kori ji.

Abubuwan da suka tare hanya

Ba zan rufe ido in ce lamarin mai sauƙi ne ba. Na farko shi ne tsaro. Mu mutanen Katsina ba ma buƙatar a ba mu labarin 'yan bindiga. Dajin Rugu da ke yammacinmu ya daɗe da zama mafakarsu, sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020 ya girgiza duniya, kuma ƙauyukan ƙasar Kankiya da Kusada su ma sun ɗanɗana. Akwai hanyoyin da na yi marmarin bi na haƙura. Babu mai hankalin da zai ce wa tsoho ya je ya kafa tanti a dokar daji a wannan zamani. Ƙa'idata ita ce ba na tuƙi bayan la'asar, ba na barin babbar hanya sai na tambayi 'yan tasha, kuma kullum 'ya'yana sun san garin da nake. Amma a tuna, fatake ma ba cikin zaman lafiya suka yi fataucinsu ba. Hanyar Gwanja cike take da 'yan fashi da mahara. Haɗarin hanya ne ma ya haifi ayari da zango, domin jama'a su tafi tare, su kwana tare, a wurin da aka sani kuma ake tsaronsa.

Na biyu shi ne aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin cika tanki ya ninka ya sake ninkawa, fansho kuwa yana tafiyar hawainiya. Akwai waɗanda suka shekara suna jiran giratuti. Wanda bai ci ya ƙoshi ba, ba za a yi masa maganar yawon buɗe ido ba. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta ƙara nuna buƙatar makwanci mai arha.

Na uku shi ne bakin mutane. Idan tsoho ya ce zai je Makka ko Madina, kowa sai ya yi masa addu'a. Idan ya ce zai je ya ga Dutsen Kufena ko madatsar ruwan Tiga, sai a fara raɗa cewa Malam ya fara ruɗewa. Har 'ya'yanka na cikinka za su ce, “Baba, me ka rasa a gida?” Abin da aka rasa a gida shi ne motsin jiki da sabuwar fuska da abin da zai sa mutum ya kwana yana ɗokin wayewar gari. Na ga abokai da dama da ba wata babbar cuta ce ta kwantar da su ba, zaman kaɗaici ne da jin cewa an gama da su.

Abin da nake roƙo

Ba ina kira a sayo mana motoci masu gado daga Turai ba ne. Roƙona ƙarami ne, kuma bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Jihar Katsina na da ƙananan hukumomi 34. A ce waɗanda ke kan manyan hanyoyi, irin su Kankiya da Charanci da Rimi a hanyar Kano, kowace ta keɓe fili ɗaya a cikin gari, kusa da ofishin 'yan sanda ko gidan hakimi. A kewaye shi da katanga, a haƙa rijiyar burtsatse, a sa fitilun sola, a yi makewayi da wurin wanka na maza daban na mata daban, da 'yar rumfar salla, da ɗakuna huɗu ko biyar marasa ƙawa, da wurin ajiye mota a inuwar darbejiya. Wanda ya zo da tabarmarsa da gidan sauronsa ya biya kaɗan, mai son ɗaki ya ƙara wani abu. Inda tsohon gidan baƙi yake a yashe, gyara kawai yake buƙata.

A naɗa wa wurin sarkin zango, dattijo ɗan gari wanda hakimi ya amince da shi, ya riƙe littafin sunayen masu sauka da lambobin wayarsu. Wannan ma taimako ne ga tsaro, domin baƙon da aka rubuta sunansa ya fi wanda ya kwana a lungu ba a san da shi ba. Jami'an tsaron al'umma da gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar a Oktoban 2023 za su iya sa ido a wurin. Matan unguwa su sami kasuwar abinci, bakanike da mai faci su sami aiki, kamar yadda kakanninsu suka samu a zamanin ayari. Kuma ba tsofaffi kaɗai za su amfana ba. Mai jinyar da ya kawo mara lafiya asibiti, da ɗalibin da ya zo jarrabawa, da ɗan kasuwar da dare ya yi wa, duk suna cikin wannan buƙata.

Mu ma 'yan fansho akwai namu aikin. Ƙungiyarmu ba ta taruwa sai don kukan haƙƙi, kuma kukan yana kan hanya. Amma me zai hana mutum goma ko goma sha biyu su yi adashi, bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da hanya ta bushe kuma zafi bai sauko ba, su ɗauki hayar bas ɗaya? Su zaɓi madugu a cikinsu, su sa mai ƙwarin jiki ya zama jagaba ya riƙa buga waya gaba yana shirya masauki, su ba mai amana riƙon kuɗi. Reshen ƙungiya na Kankiya ya sauka a hannun na Daura, bana mu je musu, baɗi su zo mana. Kuɗi zai ragu, tsoro zai ragu, hira kuma za ta ƙaru.

Ga 'ya'yanmu kuma ina da 'yar magana. Kuna ƙoƙari wajen abinci da magani, Allah Ya yi muku albarka. Amma idan mahaifinku ya ce yana son ya je ya ga garin da ya fara aiki, ko ya gaisa da abokin da suka rabu shekara talatin, kada ku ce masa ya zauna ya huta. Ku duba masa mota, ku sa masa kati a waya, in da hali ɗayanku ya ja shi. Ranar da ƙafa za ta ƙi tana nan tafe, kuma idan ta zo babu kuɗin da zai sayo wannan tafiya.

Kakanninmu sun ratsa daji da jaki har Gwanja, suka bar sunan zango a ƙasashen da ba nasu ba. Bai kamata a ce jikokinsu, da mota da kwalta da waya a hannu, sun rasa inda za su shimfiɗa tabarma tsakanin Katsina da Kano ba. Ina fata shugabannin ƙananan hukumominmu da iyayenmu hakimai za su dubi wannan magana. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya buɗe mana hanyoyinmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya.